A Kwashe Hatsi Kafin a Gyara Rumbu

Duk manomin da ya ga gara ta ci gindin rumbunsa ya san aiki biyu ne a gabansa, kuma ya san wanda ake farawa da shi. Ana kwashe damman gero a kai su inda ruwa ba zai taɓa su ba, sa'an nan a koma ga laka da itace. Wannan tsari, da kowane yaron karkara ya sani tun bai shiga lakwal ba, shi ne yakan kuɓuce wa masu ilimi ranar da kwamfutarsu ta ƙi tashi. Hankalinsu yakan tafi ga na'urar, su yi ta kunnawa da kashewa, alhali abin da ba shi da madadi yana cikinta, kuma kowace kunnawa tana iya ƙara cinye shi.

Saura kaɗan hakan ta faru da wani malamin makaranta na Damagaram. Ya yi rayuwar aikinsa a makarantun gwaji masu koyarwa da Hausa da Faransanci, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a wannan gari a 1973. Da ya yi ritaya sai ya ɗauki ƴar na'urar ɗaukar murya, ya dinga bin tsofaffin Birni da Zango gida-gida, yana naɗar tatsuniyoyi da karin magana da kirarin maƙera da na dukawa. Da dare ya saurara, ya rubuta. Ƙungiyar raya al'adu da yake cikinta tana jiran aikin domin a fitar da littafin karatu na yara. Muryoyin da rubutun duka suna wuri guda, cikin wata kwamfutar tafi-da-gidanka da ya saya ta hannu. Da yawa daga masu muryoyin kuwa sun riga mu gidan gaskiya.

Na'urar ba ta faɗi ba sai da ta yi gargaɗi. Watanni kafin nan ta fara nauyi, takan daskare idan an buɗe babban fayil, wata rana kuma wani rubutu ya ƙi buɗuwa sam. Malam ya ɗauka tsufa ne. Wata safiya cikin zafin watan Afrilu ya danna maɓalli, sai allo ya tsaya baƙi ƙirin, da layi ɗaya na Turanci mai cewa ba a sami faifan da za a tashi da shi ba. Daga cikin na'urar kuma ana jin wata ƴar ƙara, ƙas, ƙas, kamar ta agogon bango. Masu ba da shawara ba su yi ƙaranci ba. Wani ya ce a wanke ta a sake zuba mata Windows, wani ya ce a cire faifan a kwanar da shi cikin firji. Allah ya taimake shi, ya nufi shagon wani tsohon ɗalibinsa mai gyaran kwamfuta kusa da kasuwar Dole.

Saurayin ya kara kunnensa a jikin na'urar, ya kashe ta nan take.

"Mushe, sau nawa kuka kunna ta tun da ta fara wannan ƙara?"

"Ban ƙirga ba, ɗana. Ya fi goma."

"To, kada a ƙara. Abin da ke ciki, kuna da shi a wani wuri dabam?"

Malam ya yi shiru, shirun kuwa ya isa amsa.

Domin a gane tsoron da ya kama mai gyaran, sai an san abin da ke faruwa idan an kunna kwamfuta. Akwai wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin babban allon cikinta, wadda ake kira BIOS, a sababbin na'urori kuma UEFI. Ita ce take fara farkawa, ta duba ƙwaƙwalwar wucin gadi da sauran gaɓoɓi, sa'an nan ta nemi faifan ajiya domin ta miƙa masa ragama. A tsohon tsari, gurbin farko na faifan, mai bayit 512 kacal, shi ke ɗauke da taswirar yadda aka raba faifan da umarnin tashi. Idan wannan ɗan gurbi ya ƙi karantuwa, kwamfuta takan tsaya cik, ko da dukan sauran ajiyar tana nan lafiya.

Shi kuwa faifan, ɗan akwatin ƙarfe ne da bai kai tafin hannu ba. A cikinsa akwai faranti mai rufin maganaɗisu da ke juyawa, a yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka, sau 5400 a minti ɗaya, wato sau 90 a daƙiƙa. Wata allura tana shawagi a samansa ba tare da ta taɓa shi ba, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kashi 1 cikin 1000 na kaurin gashin kai ba. Asalin dabarar tun 1956 ne, lokacin da kamfanin IBM ya fitar da na farko, mai faranti 50, wanda bai ɗauki fiye da haruffa kusan miliyan 5 ba. Na malam, mai gigabayit 500, ya ninka wancan kamar sau 100,000. Abu mai laushin aiki irin wannan ba ya son girgiza yana cikin juyi, kamar a rufe murfin kwamfuta ba a kashe ta ba a hau kabu-kabu da ita. Ba ya son zafi, ga shi ƙurar hunturu takan toshe fanka, shimfiɗa na'urar bisa katifa kuma yakan rufe mata hanyar iska. Ba ya kuma son wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu. Ƙarar da ake ji kuwa allura ce take neman layinta, ta rasa, ta koma, ta sake fitowa. Idan ta riga ta karci farantin, kowane juyi yana ƙara ɓarna.

Duk da haka saurayin bai yanke hukunci da kunne kaɗai ba, domin ba kowace ƙin tashi ce ciwon faifai ba. Ya cire faifan ya ajiye gefe, ya bi sauran gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ya gwada caja da batir. Ya cire ƙwaƙwalwar wucin gadi ya mayar. Ya shiga BIOS ya duba kwanan wata da jerin abin da na'ura ke fara nema, domin akwai wani ɗan batir mai kamar kwabo wanda in ya mutu yakan birkita waɗannan, a zaci babbar cuta ce. Daga nan ya soka ɗan makullin USB, wanda yara ke kira kile, mai ɗauke da manhajar Linux. Kwamfuta ta tashi sumul. Wannan ya nuna gangar jikinta lafiya take. Sai ya mayar da faifan sau ɗaya, ya ga BIOS tana ganinsa, ya karanta rahoton lafiyar da faifai ke rubuta wa kansa, wanda ake kira SMART. Gurabun da suka mutu aka musanya su da na ajiya sun yi yawa, ga wasu kuma suna jira, sun ƙi karantuwa.

A nan ne suka sami saɓani. Malam yana da taron ƙungiya ranar Asabar, yana so na'urar ta tashi ya nuna wa abokansa inda aiki ya kai.

"Ɗana, ba ka da wata dabara ta tashi ko na yini ɗaya?"

"Akwai, Mushe, amma ina tsoron ta. Manhajar gyaran faifai takan yi rubutu a kansa, ta tilasta wa allura ta yi ta bin wurin da ya lalace. Mai yiwuwa ta tashi Asabar, Lahadi kuma mu rasa kome. Faifai sabo yana kasuwa. Muryar tsofaffin nan ba a sayar da ita."

Malam ya haƙura. Aka samo wani faifai lafiyayye da ya fi na farko girma, aka sa wata manhaja ta kyauta mai suna ddrescue ta kwafe marar lafiyan gurbi-gurbi. Hikimarta ita ce ba ta tsayawa gardama da wurin da ya ƙi. Takan fara kwashe duk abin da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake mai wuya, sai a ƙarshe ta dawo ta lallaɓa shi. Tana kuma rubuta taswirar inda ta kai, saboda haka da wuta ta ɗauke a daren farko, ba a koma farko ba. Kwana biyu aka yi, fanka tana hura faifan. Daga nan ba a sake taɓa shi ba, duk sauran aiki a kan kwafin aka yi shi. Manhajar TestDisk, ta wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier, ta maido da taswirar rabon faifai, sai ga sunayen fayiloli sun jeru kamar yadda malam ya bar su.

Sa'a ce ta sa faifan yana da sauran numfashi. Da BIOS ta daina ganinsa, da sai ɗakunan gwaji na musamman marasa ƙura, waɗanda kuɗin aikinsu kan wuce na sabuwar kwamfuta. Buɗe shi a shago kashe shi ne, firji kuma raɓa yake tara masa. Aka sa wa na'urar faifai irin na zamani, SSD, wanda ba shi da faranti ko allura, ba ya kuma tsoron girgiza. Saurayin ya gargaɗi malaminsa cewa shi ma yana mutuwa, sau da yawa ma ba tare da ƙarar gargaɗi ba.

Darasin tsoho ne a wannan ƙasa. Littattafan Larabci da na ajami da Boubou Hama ya tattara, waɗanda ke ajiye a cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da yawansu sun iso gare mu ne domin almajiri ya kwafa daga malaminsa, wani ya kwafa daga gare shi, kwafi ya tafi wani gari. Gara ta ci ɗaya, gobara ta ci ɗaya, na uku ya tsira. Masana ajiyar bayanai na yau sun mayar da wannan ƙa'ida: kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa. Ƙungiyar malam ta ɗauke ta. Kwafi ɗaya yana kwamfuta, ɗaya a faifan waje da ake sabuntawa duk ranar Juma'a, na uku yana hannun wani ɗan ƙungiya a Maraɗi. Rubutun da aka kammala kuma ana buga shi a takarda.

Ba kome ne ya tsira ba. Gurabun da suka ƙi karantuwa sun faɗa kan fayiloli kaɗan, cikinsu har da tatsuniyar da wata tsohuwa ta Birni ta faɗa shekara guda kafin rasuwarta, wadda malam bai kai ga rubutawa ba. Muryar tana tafiya daidai har inda Gizo ya shiga rijiya, daga nan sai shiru. Malam ya ɗauki na'urar ɗaukar muryarsa ya koma gidan, ya tarar da jikar marigayiyar, wadda ta girma a ɗakinta. Ta saurari muryar kakarta har inda ta yanke, ta share hawaye, ta ɗora daga nan. Da ta kai ƙarshe sai ta ce ba ta da tabbacin haka kaka take rufe ta, domin kowane dare da irin yadda take fitar da Gizo. A littafin da ƙungiya ke shiryawa, an ja ɗan layi a tsakiyar tatsuniyar, an rubuta a ƙasan shafi cewa daga nan bakin jika ne.