Tsohuwar gitar ƙarfe da na saya a Katako

Ni mai gyaran rediyo ne a Maraɗi. Na fi shekara 20 cikin wannan sana'a. Amma in dare ya yi na rufe rumfa, gita nake kaɗawa, wani lokaci a gidan biki, wani lokaci a ƙofar gida ni da abokaina. Ina so in ba ku labarin wata tsohuwar gita da na saya, da ɓarnar da na yi mata da hannuna, don kada wani ya yi irin tawa.

A shekara ta 2014, saura wata guda Babbar Salla, na tafi Yamai sayen kayan gyara. Kuɗin aljihuna kashi biyu ne. Akwai na kaya, akwai kuma jika 70 da muka tara ni da maiɗakina don ragon layya. Niyyata in sayi ragon a kasuwar ƙauye a kan hanyar komowa, don can ya fi araha.

Wanda ya san kasuwar Katako ya san babu abin da babu a cikinta. Ina cikin yawo sai na hangi wata gita rataye a rumfar wani mai kayan gwanjo. Wuyanta na itace ne, amma jikinta duka ƙarfe. A tsakiyarta akwai wani murfi mai huji-huji kamar rariya. Ban taɓa ganin irinta ba. Na taɓa waya ɗaya, sai ta yi wata ƙara da ta sa mutanen rumfa ta uku suka waiwayo. Ga shi babu batir, babu wutar lantarki.

Mai rumfa ya ce: "Malam, wannan ƴar asali ce. Daga Amurka ta zo cikin kwantena, ta hanyar Kwatano. Ta girmi mahaifinka."

Na ce: "Alhaji, nawa?"

Ya ce jika 120. Na taya 40, ya ce albarka. Muka yi ta ja har la'asar, muka tsaya a kan jika 70. Ban duba komi ba. Ban tambayi kowa ba. Ƙarar nan kaɗai ta shiga raina. Na ƙirga masa kuɗin rago, na rungumi gita, na nufi tasha.

Da na iso gida maiɗakina ta dube ni, ta dubi abin da ke hannuna. Ta ce: "Malam, ina ragon?" Na yi shiru. Ta ce: "To, ranar Salla sai ka yanka mana wannan." Kwana uku ba ta ƙara ce mini uffan ba, sai dai ta aje tuwo ta wuce.

Abin bai tsaya nan ba. Da na zauna in kaɗa, sai na ga wayoyin sun yi nisa da wuya ƙwarai, yatsa ba ya iya danne su. Ga fentin jikinta kuma wani toka-toka mai ɗan kore, da zane-zane kamar kanwa ta bushe a bakin tafki. Na ce lalle laima ce ta ɓata shi cikin jirgin ruwa. Sai na yi shawara in kankare fentin, in goge ƙarfen ya yi ƙyalli, in sayar da ita kafin Salla ko na maida kuɗina. Na sayi samfefa na dala 40. Na kifa gita a kan tabarma, na fara daga bayanta.

Na cinye fiye da rabin bayan ke nan, sai ga wani dattijo ya kawo rediyonsa gyara. Mutumin Tawa ne, ya yi zaman Ikko shekaru da yawa yana kaɗa gita a gidajen rawa. Da ya ga abin da nake yi sai ya riƙe mini hannu.

Ya ce: "Kai yaro, mi kake yi haka? Aje abin ga!"

Na ce: "Baba, datti nake fiddawa."

Ya ce: "Wanga ba datti ba ne. Tsohon abu ba a taɓa fuskatai sai an tambaya."

Ya zauna a kan benci, ya kwantar da gitar a kan cinyarsa, wayoyi suna kallon sama. Ya ɗauki wani guntun bututun ƙarfe daga cikin tarkacena, ya ɗora a kan wayoyi, yana jan shi gaba da baya, yana kaɗawa da ɗayan hannun. Jama'a, sai gita ta kama kuka kamar muryar mutum! Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe da aka ɗora a ƙarshen wuya, shi ne ya ɗaga wayoyin. Ya ce da gangan aka sa shi, don irin wannan kiɗa ba a danne waya da yatsa. Ya ce in na taɓa jin kaset ɗin Sunny Ade na Najeriya, wannan murya mai lanƙwasa da ke ciki, ƴar'uwar wannan ce, sai dai waccan ta lantarki ce mai ƙafafu.

Game da asalinta kuwa ya ce mu nemi mai karatu. Ɗan yayata yana jami'a, ya zo hutu. Na kira shi. Ya ɗauki hotunanta da salula, ya kwana biyu yana bincike cikin intanet, yana fassara mana. Ga abin da muka koya.

Wannan salon kiɗa daga tsibirin Hawai ya fito. Wani saurayi mai suna Joseph Kekuku ne aka sani da fara shi, wajen shekara ta 1889. Daga can ya bazu cikin Amurka. A zamanin nan babu gitar lantarki, kuma ganguna da ƙahoni suna danne muryar gitar itace. Sai wani gwanin gyaran kayan kiɗa, John Dopyera, ya ƙera gita mai faranti a cikinta. Farantin na alminiyom ne, marar kauri, shi ke karɓar motsin waya yana ƙara masa ƙarfi. Ni mai gyaran rediyo nan da nan na gane: aikin takardar lasifika yake yi. A 1927 suka fara sayar da ita a birnin Los Anjalas da sunan National. Sun yi masu tsada, sun yi masu araha. Mafi araha cikin masu jikin ƙarfe sunanta Duolian, ana sayar da ita dala 32 da rabi. Dalar Amurka fa, ba tamu ba. Saboda araharta da ƙararta, baƙaƙen fata matalauta na kudancin Amurka suka riƙe ta suna kiɗa a bakin titi. Wajen 1941 yaƙin duniya ya sa aka daina ƙera masu jikin ƙarfe.

Amma ɗan yayata ya ce: "Kawu, suna kaɗai bai isa ba. Tun 1989 akwai wani kamfani a Kaliforniya da ke ƙera sababbi da sunan National. Akwai kuma masu kama da su da ake yi a ƙasashen Asiya. Sai mun duba ta gaɓa-gaɓa."

Muka shimfiɗa zane mai tsabta, muka fara.

Na farko, ƙarfen jiki. Na ciro mayen ƙarfe daga wata matacciyar lasifika, na kanga a jikinta, ya manne. Ashe masu tsadar da tagulla ko farin ƙarfe aka yi su, maye ba ya kama su. Duolian kuwa da baƙin ƙarfe aka yi ta. Wannan ya yi daidai.

Na biyu, lamba. A can ƙolin kanta, a kan itace, akwai rubutu da aka buga da ƙarfe, datti ya cike shi. Na share da tsinke. Ni da kaina na karanta: harafin C, da lambobi huɗu a bayansa. Ɗan yayata ya duba ya ce Duolian na farkon shekarun 1930 da wannan harafi lambarsu ke farawa. A goshinta kuma akwai sauran tambari mai kamar garkuwa, ana iya ganin N da A da T.

Na uku, gaɓoɓin wuya, wato ƙananan ƙarafan nan da ke gicciye. Muka ƙirga daga sama zuwa inda wuya ya haɗu da jiki, muka samu 12. Wajen ƙarshen 1934 ne kamfanin ya koma yin masu 14. Ke nan lamba da wuya bakinsu ɗaya.

Na huɗu, kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure waya. Nan muka ga canji. Bis ɗin da suka riƙe su masu kan gicciye ne, alhali na murfin gaba masu tsaga ɗaya ne. Bis mai gicciye bai yaɗu ba sai daga 1936. Da na kwance ɗaya da turnabis, sai ga tsofaffin huji a ƙarƙashi, ba su dace da sababbin ba. Wani ya sake kunnuwan ke nan.

Na biyar, ciki. Na kwance wayoyi, na buɗe murfi a hankali. Akwai sandar itace da ta taso daga wuya ta ratsa cikin jiki, ta yi baƙi don tsufa. Bangon ciki da ɗigon tsatsa da ƙura. Amma farantin, mai faɗin santimita 24, fes yake, babu lotsawa, babu tabo. Ɗan itacen da ke zaune a kansa shi ma fari ne sabo. Baba ya ce: "Gida tsoho, faranti sabo. An sake shi." Ɗan yayata ya ce wannan ba abin mamaki ba ne, faranti yakan gaji ya lotse, makaɗa su sa wani.

Na shida, fenti. Nan ne cikina ya ɗuri ruwa. Ɗan yayata ya nuna mini hotunan waɗansu Duolian. Ga zanen nan mai kamar kanwa a jikin kowace. Ashe haka aka yi shi tun daga masana'anta, kuma zanen kowace gita dabam yake da na ƴar'uwarta. Masu neman tsofaffin gita shi suke fara dubawa. Fenti na asali, ko ya ƙoƙe, ya fi musu sabon fenti daraja nesa ba kusa ba. Abin da ya yi shekara 80 bai lalace ba, ya ƙetare teku, ya sha ƙurar Katako, ni na kankare shi cikin awa biyu da samfefar dala 40.

Na rasa abin cewa. Baba ya dafa kafaɗata ya ce: "Rashin sani ya fi dare duhu. Gode Allah da ba ta gaba ka fara ba."

To, ga hukuncin da muka yanke. Jiki da wuya na asali ne. Fentin gaba da na gefe na asali ne. Kunnuwa da faranti an sake su. Baya kuwa ni na ɓata shi. Alhajin Katako bai yi mini ƙarya ba. Amma da ƙarya ya yi, haka zan miƙa masa kuɗin, tun da ban san abin da zan duba ba. Sa'a ce kawai na yi, kuma sa'a ba kullum take kwana a gidan mutum ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, in za ka sayi tsohon abu, ko gita ce, ko keken ɗinki, ko agogo, ga shawarata. Kada ka yi cinikin biri a sama. Nemi lamba ka karanta ta, ka rubuta ta a takarda. Dubi bis, dubi huji, ka ga ko an taɓa kwance wani abu. Ka roƙi mai kaya ya bari ka leƙa ciki. In waje ya tsufa ciki ya yi sabo, ka tambayi dalili. Ka tafi da wanda ya fi ka sani tun kafin ka biya. In ka kawo shi gida, kada ka kankare, kada ka shafa fenti, sai ka tabbata.

A Sallar nan ba mu yi layya ba. Maƙwabta ne suka aiko mana da nama, ni kuwa kunya ta hana ni fita ƙofar gida. Bayan wata biyu wani Bature da ke aiki a garinmu ya ji labari ya zo. Ya juya gitar, ya ga bayanta, ya kama kai. Duk da haka ya taya jika 300. Na shiga ciki na gaya wa maiɗakina, na ce ita ke da magana, tun da da kuɗinta a ciki. Ta yi shiru jim kaɗan. Ta ce: "Malam, tun da aka fara kiranka biki saboda kukan abin nan, nawa ka samu?" Na faɗa mata. Ta ce: "To bar ta. Amma ragon baɗi kai kaɗai za ka saya." Haka kuwa aka yi.

Baba ya koya mini jan ƙarfe a kan waya kafin Allah ya yi masa rasuwa. Har yau gitar tana wurina. In na kwantar da ita a cinya, mutane gabanta suke gani, suna yaba zanen. Bayan da na kankare kuwa ni kaɗai nake jin sanyinsa a ƙafata. Duk damina sai na shafa masa man keke don kada tsatsa ta ci shi.

Tambayoyi

1. Da wane kuɗi mai labari ya sayi gita?
2. Me ya sa ya fara kankare fenti?
3. Waɗanne abubuwa ne aka sake a jikin gitar, kuma yaya aka gane?
4. Kai ka taɓa sayen tsohon abu? Me ka duba kafin ka biya?