Kafin Ka Toshe Kunne

A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, da wuya ka ga teburin mai kayan waya babu 'yan ƙananan akwatunan nan farare da baƙaƙe, kowane da iyafis biyu marasa igiya a ciki. Oraimo ne ya cika wurin, na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel. Can sama kuma, a rataye cikin kwalinsa, ga babban hedifon mai soso da ke rufe kunne ruf, wanda aka ce yana kashe hayaniya. Mai saye yakan ɗaga kai ya tambayi kuɗinsa, ya ji, ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Malam, miƙo min ƙaramin nan dai."

Ban ga laifinsa ba, don ƙaramin ya fi dacewa da zaman garin. A watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, soson babban yakan jiƙe sharkaf da gumi kafin a gama sauraron labaran rana. Mai hula zanna ba shi da inda zai ɗora masa baka, dole ɗaya ya sauka. Mace kuwa ta zura ƙaramin ƙarƙashin hijabi, ba wanda ya sani. Lokacin salla ya yi, a zare a jefa aljihu, a yi alwala. Aibinsa ma kowa ya san shi: ɗaya ya sulluɓe a adaidaita sahu, batirin ya daina riƙe caji bayan an ɗan sha amfani da shi, kuma da wuya a samu mai gyaran da zai canza shi.

Abin da ya fi damuna daban ne. Dubi yaron shagon da ke wuni kusa da janareto. Iyafis ɗinsa bai toshe kunnen sosai ba, rugugin injin na kutsawa, sai ya danna ƙarin murya. Wayar ta fito da gargaɗi, ya share, ya ƙara dannawa, har kai da ke tsaye gefensa kana jin kiɗan yana tsiyaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 har sa'o'i 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma in ya kai 90, sa'o'i 4 ne kacal. Ta kuma ce matasa fiye da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro. A can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu siraran gashi da ke karɓar sauti. In sun lalace, ba sa sake tsirowa. Yaron ba zai ji ciwo ba. Sai dai da dare ya kwanta ya ji kunnensa na ƙugi, a hankali kuma ya fara cewa, "Na'am? Sake faɗa."

A nan ne babban hedifon ya ci kuɗinsa. Yana da 'yan makirfo a jikinsa da ke ɗaukar ƙarar waje, sai ya ƙirƙiri kishiyarta ya tura cikin kunne, su soke juna. A jirgin sama Amar Bose, malami a jami'ar MIT ta Amurka, ya fara lissafin nasa a 1978, bayan rugugin injin ya hana shi jin daɗin kiɗa, kuma matuƙa jirgi ne suka fara morarsa. Shi ya sa gwanintar irin wannan hedifon ke kan ƙarar da ba ta canzawa: janareto, injin niƙa, jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja. Hon ɗin mota ko kukan jariri kuwa suna iya ratsawa. Da rugugin ya lafa, mutum ba ya bukatar ƙure murya. Ga cajinsa na daɗewa. Irin na Sony kan kai sa'o'i 30, ba ƙaramin abu ba ne ga unguwar da ake ɗauke wuta.

Sai dai a kula da abin da aka rubuta a kwali. ANC shi ne mai rage maka hayaniya. ENC, wanda ya cika jikin masu araha, muryarka kawai yake tace wa wanda kuke waya da shi. A gwada a gaban mai kaya: a saka, kada a kunna komai, a danna maɓallin ANC ɗin. In rugugin janaretonsa bai ja baya ba, a mayar masa da abinsa.

Ni dai a ganina, wanda aikinsa na zama ne kusa da inji, ya daure ya tara kuɗin babban. Wanda kullum yana kan hanya, ƙaramin ya ishe shi, amma kada ya yar da 'yan robobin da ke cikin kwalin. Ya gwada su ya zaɓi wanda ya zauna daram a kunnensa, zai ga ya rage murya da kansa. Kuma don Allah, in kana tafiya a titi, ka bar kunne ɗaya a buɗe. Akwai mai babur a bayanka, akwai kuma dattijon da ya yi maka sallama yana jiran amsa.