Doki a Kano, Tan a Makka

Duk wanda ya je sayen na'urar sanyaya ɗaki a Kano, tambayar farko da za a yi masa ita ce, "Doki nawa?" A Makka kuwa ba a batun doki. Can sunan na'urar mukayyif, kuma da tan ake auna ƙarfinta. Tan ɗaya shi ne BTU 12,000 a awa, wato gwargwadon zafin da ke narkar da tan guda na ƙanƙara cikin awa 24. Abin da Bakano ke kira doki ɗaya da rabi shi ne kimanin tan ɗaya.

A unguwar Misfala, inda alhazan Nijeriya da yawa ke sauka, akwai wani dattijo mai sana'ar kafa waɗannan na'urori, jikan Hausawan da suka je Makka a ƙafa suka zauna. Ba ya faɗin farashi sai ya ga ɗaki. Yakan auna tsawo da faɗi da bisa, ya ninka su, sannan ya ninka abin da ya samu sau 300. Ɗaki mai tsawon mita 5, faɗin mita 4, bisa mita 3, yana bukatar BTU 18,000 ke nan, wato tan ɗaya da rabi.

Daga nan sai ya duba taga ya ga ko tana fuskantar rana, ya tambaya ko ɗakin a benen ƙarshe yake. Tambayarsa ta ƙarshe ita ce, "Alhaji, mutum nawa za su kwana a nan?" Jikin ɗan Adam yana fitar da zafi, don haka bayan mutum biyu na farko yakan ƙara BTU 600 a kan kowane mutum. Idan alhazai shida ne, lissafi ya kai 20,400, sai a sayi mai tan biyu.

Masu masauki sukan so ƙaramar na'ura saboda sauƙin kuɗi. Shi kuwa sai ya ce araha ba ta ado. Ƙaramar na'ura takan wuni tana aiki ba hutu, ɗaki bai yi sanyi ba. Wadda ta yi girma da yawa kuma takan yi ta kunnawa tana kashewa, ta lalace da wuri.

Taurin kansa yana da dalili. A aikin Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma alhazai fiye da 1,300 suka rasu, akasarinsu waɗanda ba su da izinin Hajji, suka yi doguwar tafiya cikin rana ba mafaka. Tsohon da ya dawo daga jifa a galabaice, ɗaki mai sanyi yake bukata domin jikinsa ya huce.

Shi kansa Masallacin Harami da irin wannan awo ake sanyaya shi. Tashar Shamiyya kaɗai tana da ƙarfin tan 120,000, daidai da na'urori 60,000 irin wadda dattijon ya zaɓa wa alhazai shida.