HJK Ta Helsinki: Giwa A Gida, Zomo A Dawa

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Ban ƙara gaskata wannan zance ba sai da Allah ya nufe ni da zuwa Helsinki, babban birnin ƙasar Finlan, can ƙuryar arewacin Turai. A watan Yuni na sauka, lokacin da rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 11 na dare. Abin da ya kai ni dabam ne, amma da yake ni ma'abocin tamaula ne tun ina yaro, sai na ga bai kamata in bar garin ba tare da na leƙa gidan babban kulob ɗinsu ba.

Daga tsakiyar gari na hau ɗan jirgin ƙasan nan da ke bin titi tare da motoci, ya sauke ni a unguwar Töölö. Abin da ido ya fara faɗawa a kai shi ne babban filin da aka yi wasannin Olamfik na duniya a 1952, da farar hasumiyarsa mai tsawon mita 72, ga kuma mutum-mutumin Paavo Nurmi, gwanin tseren nan nasu, a bakin hanya. Dab da wannan fili akwai wani ƙarami wanda aka buɗe a shekarar 2000, mai cin mutum dubu 10 da 'yan ɗaruruwa, an shimfiɗe shi da ciyawar roba. To, nan ne gidan HJK. Cikakken sunan da harshensu yana nufin kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Helsinki, amma mutanen gari "Klubi" kawai suke cewa, wato Kulob, sai ka ce babu wani bayansa a ƙasar.

Mai karatu, wannan kulob ya girmi ƙasarsa. An kafa shi ranar 19 ga Yuni, 1907, bisa jagorancin Fredrik Wathén, a sa'ad da Finlan take ƙarƙashin Sarkin Rasha, ba ta kuwa sami mulkin kai ba sai a Disamban 1917. A zamanin nan harshen Suwidin shi ne na manya da masu ilmi a Helsinki, gadon ɗaruruwan shekarun da ƙasar ta yi a hannun Suwidin. Saboda haka da kulob ɗin ya zaɓi shuɗi da fari a 1909, ya yi ne don nuna goyon baya ga masu kishin harshen Finlan. Shekara 9 bayan haka, waɗannan launuka su ne suka hau tutar ƙasa.

In ana maganar gida, HJK giwa ce. Ta fara zama zakaran ƙasa a 1911, ya zuwa 2023 kuwa ta ɗauki kofin har sau 33, abin da babu wani kulob a Finlan da ya kama ƙafarsa. Daga 2009 zuwa 2014 sau 6 ta ci a jere, daga 2020 zuwa 2023 kuma sau 4. Amma kada a ɗauka ba ta taɓa ganin baƙar rana ba. Daga 1938 har zuwa 1964, shekara 26 cur, ko sau ɗaya ba ta zama zakara ba, duk da haka ba a rufe ƙofa an watse ba.

To, amma gaba da gabanta, in ji masu magana, aljani ya taka wuta. Da zarar giwar nan ta fita dawan Turai sai ta koma zomo, kuma tarihinta a can duk na dare ɗaya-ɗaya ne. A 1982 Liverpool ta Ingila ta zo Helsinki wasan kofin zakarun Turai, a lokacin da ake jin tsoronta ko'ina. Atik Ismail, ɗan asalin ƙabilar Tatar da ke zaune a Finlan, ya jefa ƙwallo ɗaya a raga, aka tashi 1 da nema. Da aka je Ingila kuwa Liverpool ta rama da 5 ba ko ɗaya.

A 1998, a hannun mai koyarwa Antti Muurinen, HJK ta fitar da Metz ta Faransa, ta zama kulob na farko daga Finlan da ya shiga wasannin rukuni na gasar zakarun Turai. Ta lallasa Benfica ta Fotugal da 2 ba ko ɗaya a Helsinki, suka yi kunnen doki 2 da 2 a Lisbon, amma a ƙarshe ita ce kurar baya a rukunin da maki 5. Haka kuma a 2011 ta ci Schalke ta Jamus 2 da nema, wani saurayi mai suna Teemu Pukki ne ya ci duka biyun. A Jamus aka ba ta kashi 6 da 1, kafin wata ya ƙare kuma Schalke ta saye Pukki ɗin ta tafi da shi. Wato dai ga mari ga tsinka jaka.

Mene ne dalilin haka? Da farko dai sanyi. Dusar ƙanƙara da duhun hunturu sun sa ana buga gasarsu ne daga Afrilu zuwa wajen Oktoba ko Nuwamba, ba a lokacin da manyan ƙasashen Turai ke yin tasu ba. Na biyu, jama'ar ƙasar duka ba su kai miliyan 6 ba, kuma wasan sandar nan da ake yi a kan ƙanƙara ya fi tamaula jan 'yan kallo da kuɗi. Don haka duk yaron da ya yi fice, aljihun kulob ba ya iya riƙe shi. Jari Litmanen ya buga wa HJK a 1991, bayan shekara 4 ya ɗaga kofin zakarun Turai da Ajax ta Holan. Mikael Forssell yana ɗan shekara 17 ya wuce Chelsea a 1998. Alfredo Morelos na Kolombiya ma nan ya yi suna kafin Rangers ta ɗauke shi a 2017.

Sai dai kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Litmanen ya dawo HJK a 2011 yana da shekara 40, da rigarta ya yi sallama da fili. Pukki ma ya komo a 2025. Har namu na gida, Taye Taiwo, tsohon ɗan bayan ƙungiyar Nijeriya, bayan ya gama da Marseille da AC Milan, ya sa rigar nan mai ratsin shuɗi da fari a 2015 da 2016.

Kafin in bar unguwar na tsaya a tsohon filin da ke maƙwabtaka da sabon, inda ake tamaula fiye da shekara 100. Ƙarfe 8 na dare ta wuce amma gari fayau kamar la'asar, yara maza da mata sanye da rigar kulob suna ta koyon tare ƙwallo, iyaye na jingine da shinge suna kallo. Nan na gane inda ƙarfin wannan gida yake. Shugabanninsa sun sani sarai cewa wanda ya fi gwaninta cikin yaran nan ba zai daɗe a wurinsu ba, wani mai kuɗi zai zo daga Jamus ko Ingila ya tafi da shi. Duk da haka ba su fasa reno ba, domin manomi ba ya ƙin shuka don tsoron tsuntsu. Na yi musu fatan alheri a zuci, na koma bakin titi ina jiran jirgin da zai mai da ni masauki.