Tsakanin Gyaran Fata Da Ɓata Ta



Mu matan da muka taso a Agege da Idi-Araba da Mile 12 mun san ranar Legas. Ba irin ta gida ba ce mai bushewa. Rana ce mai haɗe da gumi, ko hadari ya rufe sama tana cin jiki. Wadda ta yi wata uku tana zirga-zirga tsakanin kasuwa da makarantar yara za ta ga fuskarta da bayan hannunta sun fi sauran jikinta duhu. Idan muka je Kano ko Katsina ganin gida, kafin a kawo mana ruwa wata gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, wannan baƙi haka? Ko ba ya ba ki abinci ne?" Wasa ne, amma yana zama a rai.

Ba mu ga laifin mace ta so fatarta ta yi kyau ba. Iyayenmu sun yi gyaran jiki tun kafin a haife mu: dilka da halawa da kurkum da lalle, ga man kaɗe da sabulun salo. Waɗannan suna cire dauɗa da matacciyar fata, su fito da launin da Allah ya ba mutum. Abin da ya dame mu shi ne yadda aka sauya wa gyara ma'ana. Yanzu in an ce an kai amarya gyara, sau da yawa ana nufin a mayar da baƙa fara cikin mako biyu.

A unguwanninmu kowa ya san masu haɗi. Za a ba ki 'yar roba babu suna, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa, a ce "na gargajiya ne zalla". Galibin abin da ke sa irin wannan mai aiki da sauri abu uku ne. Na farko hydroquinone, wanda ke hana fata samar da melanin, wato sinadarin da ke ba ta launi. Na biyu magungunan steroid masu ƙarfi irin su clobetasol, waɗanda likita ke rubutawa don ciwon fata na ɗan lokaci, ba don shafawa kullum ba. Na uku sinadarin makuri, wanda ke ratsa fata ya shiga jini ya taɓa ƙoda da jijiyoyi, kuma yana iya kaiwa ga jaririn da ke ciki ko mai shan nono.

Ga inda rana ta shigo cikin maganar. Melanin ɗin da ake kashe kuɗi don a kore shi, shi ne laimar da fata ke karewa da ita daga zafin hasken rana. In aka rage shi, sannan steroid ya sirantar da fatar, an bar ta tsirara ke nan a ƙarƙashin ranar Legas. Shi ya sa muke ganin kumatu sun ƙone sun yi baƙi-baƙi kamar bayan tukunya, gaɓoɓin yatsu sun ƙi yin fari, jijiyoyi kore sun fito, nankarwa ta tsaga hannu da cinya. Wannan tabon na kumatu, idan ya kama sosai, da wuya ya goge. Sai mai shi ta ƙara ƙarfin man don ta rufe shi, shi kuma ya ƙara yaɗuwa. Garin neman gira a rasa ido.

Akwai wata ƙanwarmu da aka yi wa aiki wajen haihuwa. Ɗinkin ya ɗauki lokaci bai kama ba, ana ta kai da kawo asibiti, mijinta ɗan dako ne a kasuwar tumatir, abin da ya tara na suna duk ya tafi a magani. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta man da take shafawa, kuma da ta gani ta ce ta daina nan take. Shekara shida tana shafa shi, tun daga lefenta aka sako mata. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu yi magana a fili.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka tun 2015, Ruwanda ma ta bi sahu. To amma doka ba ta shiga ɗakin amarya. Abin da ke shiga shi ne maganar dangin miji, da mai neman auren da ke cewa "fara ko mayya ce", da hotunan da waya ta wanke ta goge har mai hoton ba ta gane kanta. Mafi ciwo, mun fara ganin ana shafa wa yara ƙanana, wai don kada a ce ba su yi kama da uwarsu ba. Wace amsa za mu ba yaron nan idan ya girma da ciwon ƙoda?

Mai son ta riƙe haskenta na asali tana da hanya, kuma ba ta da tsada. Rana ta fi ƙarfi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, don haka abin da za a iya yi da sassafe ko bayan la'asar a yi shi a lokacin. Hijabi yana rufe wuya da hannu, amma fuska a buɗe take, saboda haka laima ba ta damina kaɗai ba ce. Akwai man kariyar rana, wanda ake rubuta SPF a jikinsa. A nemi mai lamba 30 ko sama da haka a kantin magani mai rajista, a shafa a fuska da bayan hannu kafin a fita, a sake bayan kamar awa biyu idan ana cikin rana ana gumi. Wannan man ba ya sa fari, yana hana ƙuna ne da ƙarin duhu. Man kaɗe yana laushi da sheƙi, amma ba ya maye gurbinsa. Mazajenmu da ke yini a mayankar Oko-Oba ko kan buhunan albasa su ma su koma ga malafar kakanninmu, ba ƙauyanci ba ce.

Wadda ta riga ta daɗe tana shafa mai haɗi kada ta ji kunya, kuma kada mu yi mata dariya. Ta ɗauki robar ta kai wa likitan fata ya gani, domin mai ɗauke da steroid idan aka yanke shi rana ɗaya fata na iya yin bore da ƙuraje da ƙaiƙayi, shi ya sa ake janye shi a hankali. Duhun da zai dawo na ɗan lokaci ba ciwo ba ne, fata ce take neman komawa gidanta.

Kada mu manta da 'yan uwanmu zabiya. Su ba su da wannan laima tun haihuwa, kuma rana na iya jawo musu sankarar fata. Gare su hula mai faɗi da riga mai dogon hannu da man kariya ba kwalliya ba ne, magani ne. Duk ranar 13 ga watan Yuni duniya ke tunawa da su. Mu da ke da asusun taimakon juna, ba zai gagare mu saya wa yaro ɗaya ko biyu man shekara ba.

Roƙonmu ga iyaye mata masu haɗa lefe, a duba abin da ake sakawa a akwati. Ga samari, ku san abin da kuke yabo, don abin da kuka yaba shi ake saya. A cikin Suratur Rum, Allah ya lissafa bambancin launukanmu cikin ayoyinsa. Baƙa mai sheƙi, wankan tarwaɗa, fara sol, duk a gida ɗaya ake haifarsu, kuma kowacce fatarta amana ce a hannunta.

Allah ya ba mu lafiya, ya shirya mana zuri'a, ya mayar da mu gida cikin aminci.