Abin da ke ɓoye a baki, da haƙƙin wanda ke gefenka a sahu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. 

Ya ɗan'uwa mai karatu, yau zan yi maka magana a kan abin da na daɗe ina jin nauyin faɗarsa, kuma da kaina zan fara, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na faɗi da moto a hanyar Madawa zuwa Buza, haƙorana uku na gaba suka zube. Aka yi mini na roba a Maraɗi, irin waɗanda ake sawa a cire. Da na ga giɓi ya rufe, sai na ɗauka magana ta ƙare. Ina yin asuwaki kamar yadda na saba, ina goge abin da ido ke gani, amma ban cika cire su ba, saboda kunyar kada iyalina su gan ni da wawulo. Da su nake ci, da su nake kwana, da su nake tsayawa gaban Ubangijina.

Wata rana bayan sallar asuba, wani dattijo da muka daɗe muna haɗa kafaɗa a sahun gaba ya riƙe hannuna har jama'a suka watse. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Malam, ka gafarce ni. Akwai abin da in na yi shiru a kansa, ban cika ɗan'uwanka ba. Ka duba haƙoran nan da aka sa maka." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Na koma gida na cire su, na juya cikinsu, na ga datti ya yi kanta, na ji abin da mutane suka yi shekaru suna ji suna haƙuri. A ranar na gane dalilin da ya sa wani saurayi yakan ja baya ya sake wuri duk lokacin da na tsaya kusa da shi. Da ina ganin rashin ladabi ne, ashe laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na wani.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne ɗan ƙanena da ke karatu a Yamai. Ya zo mana hutu a azumin bara da wani abu a bakinsa wanda ban taɓa gani ba: kube ne na roba, siriri, garai-garai kamar gilashi, an ƙera shi daidai da jerin haƙoransa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Likitan haƙori ne ya ba shi domin daidaita haƙoran da suka hau juna har suna hana shi tauna da kyau. Aikinsa shi ne na wayar ƙarfe da ake ɗaura wa wasu, sai dai shi ana cire shi a mayar. Wani kamfani na Amurka da aka kafa a 1997 ne ya yaɗa shi da sunan Invisalign, yanzu kuwa masu yin irinsa suna da yawa. Ana sa shi awa 20 zuwa 22 a kowace rana, kuma bayan mako ɗaya ko biyu a ajiye wannan a ɗauki na gaba, kowane yana tura haƙori kaɗan har ya kai mazauninsa.

Yaron ya yi mini tambaya uku: "Baba, shin alwalata ta inganta in ban cire shi ba? Azumina fa? Kuma wasu sun ce ina canza halittar Allah." Na san akwai masu irin waɗannan tambayoyi a Madawa da Buza da Keita, ko dai a kan wannan kube, ko a kan haƙoran roba da dattawanmu da yawa ke ɗauke da su a ɓoye. Ga abin da na gaya masa, gwargwadon abin da muka karanta a gaban malamanmu.

Na fara da ta ƙarshe. Gyara abin da ya lalace ko yake cutarwa magani ne, kuma shari'a ba ta hana magani ba. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa, sai ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya. Ka tsaya a nan, ya ɗan'uwa. Zinariya haramun ce ga namiji, amma aka yi masa sauƙi a kanta saboda wari. Wannan kaɗai ya ishe ka sanin matsayin al'amarin da muke magana a kai.

Game da alwala kuwa, duk wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi a zaure ya san cewa a mazhabar Imamu Malik kurkurar baki sunna ce, a alwala da wankan janaba baki ɗaya. Saboda haka wanda ya yi alwala da kube ko haƙorin roba a bakinsa, alwalarsa ta inganta. Wasu mazhabobi sun tsananta: Hanafawa sun wajabta kurkura a wankan janaba, Hambalawa sun wajabta ta a duka biyun. To, tunda abin nan ciruwa yake yi cikin sauƙi, abin da ya fi shi ne ka cire, ka kurkure, ka ɗauraye shi ka mayar, ka fita daga saɓani kuma ka sami tsabta.

Sai dai ingancin alwala daban, haƙƙin maƙwabcinka na sahu daban. Ni alwalata ba ta taɓa ɓaci ba a waɗancan shekaru, amma na cutar da bayin Allah. Mu mutanen ƙasar albasa ne, daga Galmi har fadamun Madawa, kuma tun muna yara muka ji cewa Annabi (SAW) ya hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa shiga cikin jama'a a masallaci har warin ya gushe, domin yana cutar da mutane da mala'iku. Albasa halal ce, warinta ne ya jawo hanin. Ina kuma ga warin ragowar abinci da ya kwana ƙarƙashin roba?

Dalilin warin ba ɓoyayye ba ne. Allah ya sanya miyau ya zama mai wanke haƙori dare da rana. Idan roba ta rufe haƙori ko ganɗa, miyau ba ya isa wurin yadda ya kamata. Sai ƙwayoyin cuta su sami ɗumi da laima da abinci, su yi shimfiɗa. Daga nan wari ke fitowa, dasashi ya kumbura ya riƙa jini, haƙori ya fara ruɓewa a ƙarƙashin abin da aka sa don gyara shi. Shi kuwa mai bakin, hancinsa ya riga ya saba, shi ne na ƙarshen sani.

Ga yadda ake kula da kuben, kuma ba abu ne mai tsada ba.

Na farko, ka wanke hannu kafin ka cire shi, kuma da zarar ka cire ka ɗauraye shi da ruwa mai tsabta tun miyau bai bushe a kansa ba. Ruwan randa ya isa.

Na biyu, ka nisanta shi da ruwan zafi. Ɗan ƙanena ya tsoma nasa cikin ruwan butar shayi da nufin kashe ƙwayoyin cuta, robar ta lanƙwashe ta ƙi zama, sai da ya koma kan kuben da ya riga ya wuce yana jiran likita. Haka zafin rana: kada ka bar shi a kan taga ko cikin mota, musamman a watannin bazara da zafin Adar ke haura digiri 40.

Na uku, safe da dare ka goge shi ciki da waje da buroshi mai laushi wanda ka keɓe masa, da ɗan sabunin ruwa marar launi, sannan ka ɗauraye sosai. Kada ka dirje shi da man goge haƙori, ko toka, ko gawayi, ko itacen asuwaki. Waɗannan suna karce robar, ta dushe, datti ya sami maɓoya a cikin karcen. Akwai ƙwayoyin jiƙa shi a farmasi, amma ka bi bayanin likitanka a kansu.

Na huɗu, kada ka ci ko ka sha komai da shi a baki in ban da ruwa zalla. Shayinmu mai kauri da sukari, da fura, da lemun kwalba, duk suna shiga ƙarƙashinsa su zauna a kan haƙori. Goro kuwa rina shi yake yi.

Na biyar, kada ka mayar da shi a kan haƙoran da ba ka goge ba. Nan ne wurin asuwaki: asuwaki na haƙori ne, buroshi mai laushi na roba ne, kowane da aikinsa.

Na shida, ka riƙa ajiye shi cikin ɗan akwatinsa. Kada ka naɗe shi a takarda ko ƙyalle a share da shi, kada ka jefa shi aljihu tare da kuɗi da goro. Kuma kada ka cire shi a cikin masallaci ka ɗora a kan tabarma. Miyau ba najasa ba ne, amma ɗakin Allah ya fi ƙarfin ƙazanta. Ka gama da shi a wurin alwala.

Mai haƙoran roba irina, hukuncinsa kusan ɗaya ne, da bambanci guda: shi kube da shi ake kwana, haƙoran roba kuwa cire su ake yi da dare, a wanke, a ajiye cikin ruwa mai tsabta, domin dasashi da ganɗa su huta. Ka wanke su a kan kwano mai ruwa, don in sun kuɓuce kada su fashe.

Saura azumi. Sa kube da rana ba ya karya azumi, domin ba abinci ba ne, kuma haɗiye miyau ba ya ɓata komai. Abin kiyayewa shi ne ka ɗauraye sabuni ko maganin jiƙawa har ɗanɗanonsu ya gushe, kuma kada ka zurfafa kurkura, domin a mazhabarmu ruwan da ya rinjayi mutum ya kai maƙogwaro a azumin farilla yana wajabta ramuwa. Haɗarin ma ba da rana yake ba, da dare yake. Ana buɗa baki da dabino da kunu, a yi ta shayi har bayan tarawihi, a yi sahur a gurguje ana jin kiran salla, sai a mayar da kube a kan sukari, ya wuni a rufe har magariba. Ka bar wa kanka minti biyar kafin alfijir don asuwaki da wanke roba. Kada kuma wani ya fake da falalar da aka ambata game da warin bakin mai azumi. Wancan daga wofin ciki yake tasowa saboda ibada, wannan kuwa daga sakaci.

Ba mu da uzurin rashin abin asuwaki. Wanda bai sami araki irin wanda alhazai ke kawowa ba, ga dogon yaro ko'ina. Layukansa da aka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 don kare gonaki daga iska suna nan, haka itatuwan da aikin raya karkara na Keita ya dasa daga 1984. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa asuwaki ne abin da Annabi (SAW) yake farawa da shi in ya shiga gida, kuma ita ce ta tausasa masa asuwaki a rashin lafiyarsa ta ƙarshe. Wanda ya fi kowa ƙamshi bai bar shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Abu na ƙarshe, ya ɗan'uwa. In kai ne ke jin warin daga wani, kada ka yi da shi a majalisa, kada kuma ka yi ta sauya wuri kana shiru. Ka yi yadda dattijon nan ya yi mini: ka jira a watse, ka riƙe hannunsa, ka faɗa a taƙaice. Na ji zafin maganarsa kwana biyu, na ci amfaninta shekaru. Ya riga mu gidan gaskiya, kuma ban taɓa cire haƙoran nan da dare ba face na roƙa masa gafara. In kuwa kai ne mai roba a baki, yau da dare ka cire ta, ka juya cikinta ka duba, sannan ka tambayi wanda ba ya jin kunyarka a gida ya gaya maka gaskiya.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni. Mas'alar da ta shige maka duhu ka kai ta ga malami, ciwon baki kuma ga likita. Allah ya tsarkake zukatanmu da bakunanmu, ya karɓi sallolinmu, ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.