Tulu da Tarko: Lissafin Ƙwayar Halitta da Gubar Dalma a Tungar Daji

Akwai wani saurayi ɗan ƙasar Anka wanda tambaya guda ta daɗe tana ci masa tuwo a ƙwarya. Shekararsa goma sa'ad da gubar dalma ta afka wa ƙauyukansu, kuma abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda yaro zai wuni yana wasa a tsakar gida, kashegari a gan shi yana amai da jijjiga, kafin a ankara rai ya yi halinsa. Ƙurar nan kuwa ba jiya yaron ya fara haɗiyarta ba. To, don me cutar ta yi lamo wata da watanni, sa'an nan ta faɗo rana ɗaya?

Asalin abin sananne ne. Dutsen zinariyar da ake haƙowa a yankin gauraye yake da dalma. Sai a kawo shi gida, a daka a turmi, a kai injin niƙa, ƙura ta lulluɓe inda yara ke rarrafe suna kai hannu baka. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano mace-macen, bincike kuma ya nuna lamarin ya shafi Tungar Daji, Dareta, Abare, Sunke, Duza, Tungar Guru da Yargalma, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. An ƙiyasta yara kimanin 400 suka rasu.

Sai da saurayin ya shiga jami'a yana karatun lissafi ya ci karo da abin da ya yi kama da amsa. Ashe ƙwayoyin halittar jiki iri biyu suke amsa saƙo. Akwai amsa irin ta tulu, wanda kowane ƙoƙon ruwa ke ƙara masa kaɗan. Akwai kuma irin ta tarko, wanda zai yi shiru ana taɓa shi, har a kai wani matsayi ya tsinke gaba ɗaya. Wani masani a Ingila, A. V. Hill, shi ya fara sa wa wannan hali lissafi a 1910, yana nazarin yadda jini ke kama iska. Lissafin ya nuna cewa idan furotin mazauni ɗaya gare shi, sai an ninka saƙo sau 81 kafin aikinsa ya tashi daga kashi 10 zuwa kashi 90 cikin ɗari. Amma idan mazaunai huɗu ne masu cikakken haɗin kai, wato kamun ɗaya yana sauƙaƙa kamun sauran, to ninki uku kacal ya isa. A 1981 Goldbeter da Koshland suka ƙara nuna cewa ko babu wannan haɗin kai, sinadarai biyu masu jayayya, ɗaya na kunnawa ɗaya na kashewa, za su iya haifar da makunni mai kaifi idan aiki ya yi musu yawa.

Inda abin ya taɓa shi shi ne batun kalsiyam. Wannan sinadari ɗan aike ne a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kuma furotin da ke karɓarsa, kalmodulin, mazaunai huɗu gare shi. Dalma kuwa sojan gona ce. Takan zauna a mazaunin kalsiyam, ta kunna abin da ba a ce a kunna ba, ta kuma toshe wasu ƙofofin da koyo da tunawa suka dogara a kansu. Saurayin ya kwana yana zana layin nan mai kwanciya, ya miƙe tsaye, ya sake kwanciya, yana ganin kamar ya kama bakin zaren.

Amma fa a nan ne ya kusa yin tuntuɓe. Wanda ya saba da tunanin tarko yakan ɗauka cewa muddin ba a kai matsayin tsinkewa ba, lafiya lau ake. Gaskiya ne jijjiga da suma sun fi aukuwa idan dalma ta yi yawa ƙwarai a jini, likitoci kuma kan fara ba da maganin da ke fitar da ita idan ta kai maikirogiram 45 a kowace desilita. Sai dai ɓarnar da take yi wa basira irin ta tulu ce, tun daga ƙoƙon farko take taruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi da aka sani marar illa, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka kuwa ta sauko da ma'auninta daga 10 zuwa 5 a 2012, sa'an nan zuwa 3.5 a 2021.

An kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidajen ƙauyukan nan, aka zuba sabuwa, Bagega ma aikin ya isa gare ta a 2013. Saurayin yana da ƙanwa wadda take rarrafe a shekarar annobar. Ba ta taɓa jijjiga ba, gwajin jininta bai kai 45 ba, don haka ba a sa ta cikin masu shan magani ba, iyayenta kuma suka yi hamdala. Duk lokacin da ya je hutu yakan zaunar da ita su yi karatu, ta riƙe layi ɗaya da yamma, da safe ya tarar ya zube, su koma farko.